Kafin Ki Zaɓi Dutsen Kicin Ɗinki, Ummi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ummi 'yata, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida maigidanki, ina shafa kan jikokina. Allah Ya tsare ku a hanya tun daga tashar Ojoo ta nan Ibadan har ƙofar sabon gidanku a Kaduna, Ya sa ku shiga da ƙafar dama, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari.

Jiya da kika zo sallama kin nuna mini hoton wani farin dutse a waya, kika ce shi za ki sa a kan kantar kicin ɗinki tunda maigidanki ya bar miki zaɓi. Na ce miki ma sha Allah, ya yi kyau. Ɗakin cike yake da 'yan sallama, ban so in tsinka ki a gaban mutane ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don ni na yi wannan zaɓin har sau biyu. Na farko da wauta na yi shi. Na biyu Allah Ya haɗa ni da mutumin kirki. Kina ƙarama a lokacin, abin da za ki iya tunawa bai wuce ƙura da ƙarar inji ba. To bari in ba ki labarin yadda yake, ba tare da na gyara kaina a ciki ba.

Kin san shekaru masu yawa a tsakar gida nake girki, a tsugune gaban murhu. Da masa da dambun nama da zoɓo na taimaka wa babanku muka rene ku, ba tare da na taɓa kasa kaya a bakin titi ba. Mutanen unguwarmu ta Sabo su ke aikowa har gida. Da Allah Ya buɗa wa babanku a cinikin albasa a kasuwar Bodija, sai ya ce zai mayar da ɗakin baya kicin na zamani. Ya ce mini, "Hajiya, ke ce mai kicin. Abin da kike so shi za a yi." Har gobe ina gode masa da wannan maganar, ko da yake ban riƙe ta yadda ya kamata ba.

Kafin nan na je suna gidan wata mai hali, na leƙa kicin ɗinta na ga farin dutse yana ɗaukar ido, har kana ganin fuskarka a ciki. Tun daga ranar ban ƙara son wani abu ba sai shi. Ban tsaya na tambayi kaina ba, matar nan mutum nawa take dafa wa abinci? Ita da mijinta da ɗa ɗaya ne, kuma rabin cin su a waje suke yi. Ni kuwa kullum ina tsakanin manja da attarugu da jan zoɓo, daga asuba har la'asar. Don haka, Ummi, kafin ki kalli hoton kowa, ki zauna ki tuna abin da hannunki yake taɓawa daga safe zuwa yamma. Ke ma 'yar manja ce, kuma na ji kina cewa za ki fara yin cincin da kek na sayarwa. Kicin ɗin da za ki yi aiki a ciki kike ginawa, masu zuwa kallo sau ɗaya za su zo su tafi.

Sai maganar wanda zai yi aikin. Maƙwabciyarmu Iya Sikira, mai sayar da ewedu, wato ganyen lalo, ta ji ana shirin gyara sai ta shigo ta same ni ina tankaɗe. Ta ce, "Alhaja, akwai wani Baba Lasisi a hanyar Akinyele, shi ya yi wa 'yata nata. Ba shi da fara'a, amma hannunsa yana da kyau."

Na ce mata na gode, na ji. A raina kuwa cewa na yi, ga namu, me zai kai ni wurin wani? Domin a makon nan wani abokin cinikin babanku ya turo mana wani mutum mai suna Sabi'u. Hausarsa tas, kamar yau ya sauko daga Kano. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni daga bakin ƙofa, yana ta Hajiya babba, Hajiya babba. Ya aiko mini da 'yan gutsattsarin duwatsu kamar sabulun wanka, kowanne yana sheƙi, na ɗauki farin na ce shi. Ya ce ai giranait ne na waje, ko wuta aka hura a kansa ba abin da zai same shi. Ban tambaye shi ina shagonsa yake ba. Ban ce ya nuna mini gida ɗaya da ya yi wa aiki ba. Daga baya na gane ba shi da shago, ba shi da inji, bai taɓa yanka dutse da hannunsa ba. Karɓar aiki yake yi ya miƙa wa duk wanda ya samu. Yaren da muke yi ɗaya shi ya rufe mini ido.

A Kaduna kowa zai yi miki Hausa mai daɗi, don haka wannan jarrabawar za ta fi tawa yawa. Duk wanda aka kawo miki, ki ce kina son ganin inda yake yanka, da idonki. Sannan ki ce ya kai ki gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, kar ki yarda da na makon jiya, sabon aiki duk kyau gare shi. In kin shiga, ki bar mazan a falo ki ja matar gidan gefe. Ita za ta gaya miki ko ya dawo da aka kira shi.

Kuskuren da ya fi ci mini jiki shi ne na ranar awo. Sabi'u ya zo da kafinta, ni kuma kunya ta hana ni fitowa, na zauna a ɗaki na bar babanku da su. Kin san tsayin babanku, kin san nawa. Ya tsaya ya ɗora hannu a iska ya ce nan ya yi, su kuma suka rubuta. Da aka gama, kanta ta zo mini kusan ƙirji. In zan dama ƙullu sai na ɗaga kafaɗu kamar mai shirin tashi sama. Sai na samo wani guntun katako ina takawa. Wata safiya na sauke tukunyar ruwan zafi, katakon ya jiƙe, ya zame da ni. Tabon nan na hannuna na hagu, wanda kuke tambaya ina ce muku tsautsayi ne, to daga nan yake. Na gode Allah da ruwan bai same ni a fuska ba, kuma ba kowa a kusa da ni. Ki sa hijabinki ki fito ranar awo, 'yata. Ba rashin kunya ba ne mace ta tsaya a inda za ta shekara ashirin tana tsayuwa ta ce a'a, a rage.

Shi kansa dutsen da aka kawo bai yi kama da guntun da na zaɓa ba. Wasu jijiyoyi ruwan ƙwai sun ratsa shi. Gaɓar da aka haɗa falle biyu ta faɗo daidai bakin wurin wanke-wanke. Tsakaninsa da bango akwai rata da yatsana ke shiga, suka cusa farin siminti suka shafe. Na ga duk wannan, amma Sabi'u yana ta zuba, mata sun cika gida suna sa albarka, sai na yi shiru. A makon farko manja ya zauna masa. Zoɓo ya bar zobe ja a duk inda na ajiye jug. Inda lemon tsami ya ɗiga kuwa sheƙin ya mutu, wurin ya yi fari fat kamar ƙyasfi. Ashe ma ba giranait ba ne, wani dutse ne mai laushi dangin mabul. Ruwa kuma maimakon ya gangaro gaba sai ya bi bango ya sauka cikin katakon da ke ƙasa. Na kira Sabi'u, yau yana Legas, gobe yana hanya, jibi wayar a kashe.

A nan na ƙara wata wautar. Maimakon in gaya wa babanku, sai na sayo ledar tebur mai furanni na shimfiɗa a kai. Kusan shekara biyu ina ɓoyewa, don ni na zaɓa, ni na nace, ina jin nauyin in ce na yi kuskure. A ƙarƙashin ledar katako yana ruɓewa, kyankyasai suka samu gida. Ranar da abin ya fashe, wata mata ce ta zo karɓar dambun naman bikin ƙanwarta. Ta biyo ni har kicin muna hira, na ɗaga roba, kyankyaso biyu suka fito daga ratar bangon suka bi ta kan leda. Ta gan su sarai. Ta karɓi kayanta ta yi godiya ta tafi. Amma kin san Sabo, magana ba ta kwana a gida ɗaya. Cikin wata guda masu aiko da kwanon masa suka ragu, har na fara rage ƙullu. Sana'ar da na gina tun kafin a haife ki na ga tana zamewa daga hannuna saboda girman kai.

Da na rasa yadda zan yi, na jira babanku ya gama karin kumallo, na kai shi kicin na yaye ledar. Ya duba, ya sa yatsa a katakon ya ga ya nutse. Ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Na daɗe da jin warin. Jira nake ki faɗa da bakinki, don kar ki ce na raina zaɓinki." Ya ƙara da cewa shi ma da laifinsa, shi ya tsaya aka yi awo da tsayinsa. Allah Ya saka wa babanku da alheri. In abu ya ɓaci a gidanki, ki faɗa wa maigidanki tun yana ƙarami. Ɓarnar da na rufe da leda ta ninka wadda Sabi'u ya yi mini.

Da kaina na shiga gidan Iya Sikira na ce ta raka ni wurin mutumin da ta faɗa. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta ɗaura ɗankwalinta kawai muka fita. Wurin Baba Lasisi wata rumfar kwano ce a gefen hanya, ƙasa duk farin taɓo, ruwa na gudu a kan inji, manyan fallayen dutse an jingine su jere kamar ƙofofi. Tsoho ne siriri, gashin girarsa fari da ƙura. Gaskiyar Iya Sikira, ko murmushi bai yi ba. Muna gaisawa na nuna wani falle mai haske na ce nawa ne wannan. Bai ko kalli inda na nuna ba. Da 'yar Hausarsa da ya haɗa da Yarbanci ya ce, "Alhaja, me kike dafawa?"

Na lissafa masa. Ya shiga bayan rumfa ya fito da guntaye uku, har da na wanda nake so. Ya ce, "Je ki gida. Zuba manja, zuba zoɓo, matsa lemon tsami. Kar ki goge sai jibi. Sannan ki dawo mu yi magana."

Na yi yadda ya ce. Mai hasken nan da raina ya biya ya sha manja har ciki. Na biyun ya ɗan yi duhu. Na ukun, wani baƙi-baƙi mai ɗigon toka wanda ko kallo na biyu ban yi masa ba, ina sa tsumma ya koma yadda yake. Da na mayar masa ya ce wannan dutsen ƙasar nan ne, kuma ya fi wancan sauƙi. Ki duba fa, mutum yana ture ni daga mai tsada zuwa mai araha. Ya sa aka juyo da fallen gaba ɗaya zuwa rana, ya watsa masa ruwa, ya ce in shafa da tafin hannuna daga wannan gefe zuwa wancan, in duba launinsa duka, don guntu ba ya nuna halin falle. Da na ce na yarda, ya ba ni fenti na rubuta sunana a gefensa.

Ranar da ya zo awo na fito. Ya ce in tsaya in yi kamar ina murza fulawa, ya auna daga gwiwar hannuna zuwa ƙasa. Ya ce ba zai yanka komai ba sai kwanon wanke-wanke da murhun gas ɗin da za a sa sun iso gida ya gan su, don ramin da aka yanka a dutse ba ya komawa. Ya ce katakon nan a fitar da shi duka, a gina ƙafafu na bulo, shi ba ya ɗora aikinsa a kan ruɓaɓɓen abu. Sannan ya ɗauko falankin katako mara kauri ya yanka shi daidai da bangon, lanƙwasa da lanƙwasa, yana cewa tsofaffin gidajen Sabo ba bangon da yake miƙe. Da wannan falankin ya tafi ya yanka dutsen. Gaɓar ma ya kai ta can kusurwa, nesa da ruwa. Duk wannan ki riƙe shi. Mai aikin da ya zo da tef ɗin awo ya ja sau ɗaya ya ce shi ke nan, ki sallame shi da mutunci.

Yanzu ga abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Ranar da aka kawo dutsen, ana saukewa na zagaya ina neman sunana a gefe, ban gani ba. Raina ya ɓaci. Na ce a gaban babanku da ma'aikatan Baba Lasisi, "An canza mini. Dama duk halinku ɗaya ne, masu aikin nan."

Baba Lasisi ya dube ni. Ya koma bayan motar ya sa aka sauko da wani babban guntu, ga sunana a jiki da rubutun hannuna. Ya zuba masa ruwa, ya jira ya ɗan bushe, sai wani siririn layi kamar gashi ya fito. Ya ɗauki guduma ya ɗan taɓa shi sau ɗaya, dutsen ya rabe biyu a ƙasa. Ya ce, "Sai da na fara yanka na gani. In na sa miki, wata shida zai yi ya tsage. Na yanka miki daga ɗan'uwansa, dutse ɗaya aka tsago su. Na kawo wannan ne don ki gani." Asarar fallen nan shi ya ɗauka, bai ko ambata ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, amma wannan ba hujja ba ce a wurin Allah. Na zalunci bawan Allah da bakina. Washegari na soya masa cike da kwano, na haɗa da miyar taushe, na sa Iya Sikira ta raka ni har rumfarsa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Alhaja. Da na aiko an gaya miki tun kafin in zo, laifina ne." A ranar na fara ganin haƙoransa. Ki yi bincike iyakar ƙarfinki kafin ki ba mutum aiki, amma in kin ga abin da bai yi miki ba, ki tambaya tukuna kafin ki yanke hukunci. Aikinsa shi ne wanda kika bari jiya a kicin ɗina, ko gezau bai yi ba. Masu sayen masa suka dawo ɗaya bayan ɗaya, har matar nan mai dambu. Baba Lasisi ya rasu shekarun baya, kuma ba na gama addu'a ban sa shi ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi, shi ya sa na bar ta ƙarshe. Da sabon dutsen ya zauna, sai na zama mai gadinsa. Kina 'yar shekara goma, ana gobe Sallah, kika jawo kujera kika hau don ki taya ni yankan cincin. Taɓaryar ƙaramin turmin ƙarfe ta suɓuce miki ta daki bakin kantar, ya ɗan ɓantare kamar ƙwayar gyaɗa. Na ɗauki muciya na buga miki a baya, na ce kar in ƙara ganin ƙafarki a kicin ɗina. Kika fita ba ki yi kuka ba sai da kika kai zaure.

Bayan Sallah Baba Lasisi ya zo ya cike wurin ya goge, ko rabin awa bai yi ba. Ya tambayi yadda aka yi, na gaya masa har ina huci. Ya ce, "Alhaja, kin ga bakin nan da na zagaye shi ban bar shi da kaifi ba? Don yara na yi. Na ɗauka za su riƙa tsayawa a nan."

Na ji maganar har cikin raina, amma ban kira ki ba. Na ce gobe, gobe ta zama shekara. Ke kuma ba ki sake shigowa ba sai in an aike ki. Gidan Iya Sikira kika koma kina tsayawa a bayanta, ita ta koya miki riƙe wuƙa da tuƙa tuwon amala. Duk sanda baƙi suka yaba girkinki suka ce 'yar Hajiya ce ai, sai in yi murmushi, alhali na san ba a hannuna kika koya ba. Ina gode wa Allah da Ya ba ki wata uwar a maƙwabta lokacin da taki ta tsaya gadin dutse, ina kuma gode miki da ba ki taɓa yi mini gori ba. Ban taɓa ce miki ki yafe mini ba, Ummi. Yau na ce. Ki yafe mini.

In an gama naki, ko fari kika zaɓa ko baƙi, ki ajiye ƙaramar kujera a gefensa. 'Yarki ta fara son taɓa fulawa, na gani. Ki bar ta ta hau, ta zubar, ta ɓata, ki nuna mata yadda ake gogewa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa albarka a gidanki da tukunyarki da sana'ar da za ki fara. Allah Ya haɗa ki da masu aiki masu tsoronSa, Ya kare ku daga sharrin hanya da na mutum, Ya raya mini jikokina. Babanku yana gaishe ku, Iya Sikira ma ta ce in gaya miki ki sauka lafiya. In kun isa ki kira ni in ji muryarki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
daga Sabo, Ibadan.